Ragona a Cikin Ja

Ƙanin matata ya shafa wa sunana ja, ya haska shi a bangon zauren meri, wato ofishin magajin gari, gaban mutanen unguwarmu maza da mata, har da uwar matata tana zaune a layin gaba. Abin da anka yi mini ke nan. Ban saci komai ba, ban ci amanar kowa ba. Rago anka ce ya rame a hannuna, ragon da in ka gan shi a lokacin sai ka kauce mishi a hanya.

Ni mutumin Kwanni ne, nan anka yanke mini cibi. Na yi lakwal har aji shida, na faɗi jarrabawa, ubana ya ce ya isa haka. Na yi kabu-kabu tsakanin tasha da bakin iyaka har bayana ya ƙi, yanzu ina da 'yar rumfa ina sayar da baƙin mai da tayoyin mashin na hannu. Bokona ba shi da yawa, amma na san ja. Malamin ajinmu bik biyu yake sakawa a aljihu, shuɗi na rubutun kansa, ja na rubutunmu. Duk wanda ya zauna a bencin baya irina ya san ba a taɓa yi wa mutum albishir da jan bik.

Wani furoje ne ya zo garinmu, irin ƙungiyoyin nan masu farar mota da ke kawo taimako. Sunka ce za su raba raguna, kowa ya turke nashi ya yi kiwo har Layya, daga nan rago ya zama naka. Sharaɗi ɗaya sunka kafa: duk wata za a auna, ragon da ya rame sau biyu a jere za a kwance shi a ba na gaba a layi. Na gaba a layi kuwa maƙwabcina ne, wani tela da katanga ɗaya ta raba mu. Shi kuma ƙanin matata shi furoje ya ɗauka ya riƙa rubuta awo a cikin ordinatar, wadda mutanen ƙetaren iyaka ke ce wa kwamfuta. Yaron da na goya a bayan mashin ɗina na kai shi jarrabawar shiga kwaleji, ban karɓi ko dala ba. Yanzu ya yi gemu, yana rataye da jaka, yana cewa “bon” kafin kowace magana.

Ni na samu balami, fari fat, dogo, mai lanƙwasasshen hanci, kunnuwa kamar silifa. Ran da anka raba ba a auna ba, don sikelin bai iso daga Tawa ba, sai anka ce a dawo da raguna ranar da ya iso. Ubana ya koya mini ba a fita da dabba cikin mutane cikinta a lotse, abin kunyar mai ita ne. Saboda haka da ranar ta zo na tashi tun da asuba na jiƙa mishi dusa da kanwa, na zuba mishi harawa, ya ci, kanwa ta sa shi ƙishi, ya shanye bokiti ya nemi ƙari. Na wanke shi da sabulu. Da munka isa gindin darbejiyar da anka rataya sikeli, sai na ga ragunan mutane duk a yamutse, suna kuka, suna lasar ƙasa. Na shugaban rukuninmu na masu karɓar raguna, wani Alhaji mai sayar da simintin Malbaza, har haƙarƙarinsa ana ƙirgawa daga nesa. Na ce a raina, Allah sarki, an ba marasa kiwo dabbobi.

Ana saka rago cikin buhu mai ramuka huɗu, a rataya, allura ta juya, a faɗi lamba da ƙarfi. Nawa sai da mutum uku sunka ɗaga shi. Shi ya fi kowane nauyi a filin. Mutane sunka yi ta “ma sha Allah”, Alhaji ya dafa kafaɗata yana murmushi ya ce, “Ka iya kiwo, wallahi ka iya.” Na dawo gida ina jan igiya a hankali don kowa ya gani.

Awo na biyu ba wanda ya gaya mini. A waya sunka sanar, cikin rukunin da sunka buɗe, ni kuwa wayata ƙarama ce mai tocila, kira kawai take yi. Da sassafe ina alwala sai ga tela ya leƙo ta katanga yana cewa motar awo ta iso, kuma sauri take za ta wuce Illela. Ragona ko ruwa bai sha ba. Na ja shi da gudu, shi kuma tsoro ya sa ya yi ta zubar da abin da ke cikinsa tun daga ƙofar gida har filin. Can na tarar da ragunan mutane kowane ciki ya yi tim kamar salka. Ban kawo komai a raina ba. Nawa ya yi kitse, wuyansa ya cika, idona na gani. Anka rataya shi, anka faɗi lamba, na kwance na tafi rumfata.

Sai taro a zauren meri. Ƙanin matata ya zo da wani inji mai haska bango kamar silima, ya haɗa shi da ordinatar, anka rufe tagogi. Abu ya fito a bango gida-gida kamar filin dara, sunaye a jere a hagu, lambobi a dama, baƙi a kan fari. A tsakiyar wannan farin duka gida ɗaya ne ja, ja wur, kamar an yanka kaza a wurin. Na bi layin da ido zuwa hagu, na ga sunana.

Yawancin waɗanda ke zauren ba su karatun boko, amma ja kowa na ganinsa. Wata tsohuwa a bayana ta ce, “Wancan jan na wa ne? Shi ya ci?” Wani ya karanta mata sunana. Ta rangaɗa guɗa. Mata sunka ɗauka, maza sunka fara tafi, uwar matata ta juyo tana dubana da fara'ar da tunda na auri ɗiyarta ban taɓa gani ba. Cikina ya gaya mini ja ba alheri ba ne, amma mutum ɗan Adam ne, zaure guda na yi maka tafi. Na miƙe. Har hannu na ɗaga.

Ƙanin matata ya yi gyaran murya ya ce, “Bon. A yi haƙuri. Jan nan yana nuna ragon da ya ragu ne. Wanga wata rago ɗaya ne ya rame, kilo biyu. Sauran duk sun ƙaru.”

Ina tsaye, hannuna a sama. Ban san yadda anka yi na koma kan benci ba. Abin da na sani, tsohuwar nan ta dafa bayana ta ce, “Sannu, ɗana, Allah ya ba shi lafiya.”

Washegari na samu ƙanin matata a buro, wato ofishinsa, ƙaramin ɗaki mai fanka ɗaya da ke juyawa kamar an tilasta mata. Ya tashi ya ba ni kujera, ya ce, “Yaya, sannu da zuwa. Wallahi ba ni na sa maka ja ba.”

Na ce, “Aljani ne?”

“Tabulo ne, wannan jadawalin da ka gani a bango. Zo ka gani.”

Ya juyo mini fuskar ordinatar. Ya nuna mini layin nauyin watan jiya, da layin nauyin wanga wata, da layi na uku inda injin ke cire wancan daga wannan. Gaban lambata akwai ɗan layi a kwance, wanda a lakwal muke ce wa muwan. Ya ce duk lambar da ta yi ƙasa da zero, gidanta da kansa yake komawa ja.

Na ce, “Mu dai an koya mana ba a cire babba daga ƙarami sai an aro.”

Ya ce, “Shi yana cirewa.”

“To ba shi da kunya. Kuma wa ya gaya mishi ja? Mi ya hana shi kore?”

“Ni na kafa mishi doka tun farko, don a riƙa ganin matsala da sauri.”

“To kai ne ke nan.”

“A'a, Yaya. Doka ce ta kowa. Inji bai san ɗan'uwa ba. Ko sunana ne ya yi ƙasa, ja zai fito.”

Don ya tabbatar mini, ya je wani gida da ba kowa, ya rubuta biyu. Gida ya tsaya fari. Ya sa ɗan layin nan a gabanta, gida ya yi ja. Ya cire, fari. Ya sa, ja. Ya yi ta yi yana murmushi kamar mai nuna wa baƙo sabuwar fitila. Na bari ya gama na ce, “Madalla, ashe ka iya cirewa. Je gidana ka cire.”

Ya ce wannan ƙarya ce, shi ba ya canza awo. Na ce to ya bar awon, ya kashe dokar jan baki ɗaya, kowa ya zauna baƙi a kan fari yadda Allah ya halicci rubutu. Ya ce ba ta kasuwa, daga Tawa ake duba tabulon, manyansa sun san da dokar, in ya taɓa ta aikinsa ne zai tafi. Sai ya rage murya kamar zai yi mini babbar alfarma ya ce, “Abin da zan iya, in rage mata kaifi. In mai da gidan ruwan hoda.”

Ruwan hoda. Ni, da gemuna, da 'ya'ya bakwai. Na tashi na fita ban yi mishi sallama ba.

A gida ma ban samu mai taya ni ba. Matata tana tankaɗe ta ce, “Malam, rago fa anka auna, ba kai ba.”

Na ce, “Sunan wa ke bango? Na rago?”

Ta ce, “Rago ba shi da suna.”

Na ce, “To kin gani.”

Ta ci gaba da tankaɗenta, kafaɗunta na rawa. Na san dariya take, don shekara da shekaru na san bayan matar nan.

Daga nan dubiya ta fara. Mata sunka riƙa shigowa da 'yar dusa a kwano, su tsaya gaban turke su ce, “Ya mai jiki?” Mai jiki yana tsaye ya kusa kai musu ƙirji, yana tuƙa, yana hararsu. Su dube shi su ce, “Ai kuwa da sauƙi, ciwon ciki ne ba ya nunawa a waje.” Uwar matata ta aiko da ƙullin sassaƙe, ta ce a jiƙa a ba shi safe da yamma, in ya rage ni ma in sha. 'Yan kabu-kabu, yaran da ni na koya wa wasunsu riƙon kan mashin, in sun tsaya sayen baƙin mai sai su ce, “Baba Muwan, a ba mu rabin lita.” Wani mai kawo tumatir daga Badagishiri, wanda ko unguwarmu bai taɓa shiga ba, ya tsaya a rumfata ya yi mini jaje, ya ce ya ga hoton bangon a waya.

Wanda ya fi ci mini rai tela ne. Bai taɓa yi mini maganar jan ba. Kullum da safe zai ɗora haɓa a kan katanga ya gaida ni, idonsa a kan rago. Wata rana da hantsi na ji bugu daga gidansa, kwam, kwam, kwam. Na hau turmi na leƙa. Turke yake kafawa. Har ya share wurin ya zuba yashi.

Alhaji mai siminti ne ya buɗe mini ido, ba don tausayi ba, don bakinsa ba ya riƙe magana. Mun haɗu wurin mai shayi, ya ce, “Kai kiwo ka iya, awo ne ba ka iya ba. Awon farko da yunwa ake zuwa. Tun daren jiya ka hana shi ci da sha, ya zo a bushe. Na biyu ka cika shi da kanwa da ruwa. Kai sai ka yi ta baya. Ran nan da na ga ka shigo da shi kamar amarya, na ce wanga bawan Allah ya kashe kansa.”

Na ce, “Kuma ka dafa ni ka ce na iya.”

Ya ce, “To mi zan ce? Ka riga ka ba shi ruwan.”

Duk wurin sunka fashe da dariya. Ashe kowa ya sani. Furoje nawa sunka gani a ƙasar nan, na awaki, na kaji, na shanun noma, sun san yadda ake tarbar sikeli. Ni kaɗai na je da zuciya ɗaya da sabulu.

Na ce to, ba a kwance mini rago ina kallo. Na roƙi mai shayi ya riƙa duba mini waya, duk ran da anka sa awo na uku ya gaya mini. Da ranar ta zo na yi abin da kowa ke yi, kuma ba na neman gafarar kowa a kai. Kanwa ungurnu na saya mai kyau, na dama da dusa, na ƙara gishiri. Ragon nan ya sha ruwa har ya riƙa nishi. Da munka kama hanya ina jin cikinsa yana ƙugi kamar jarkar da ba ta cika ba a bayan mashin. Tela ya biyo mu a baya, wai shi ma hanyarsa ke nan.

A gindin darbejiya kowane rago haka yake, sun kumbura, ƙafafu a tale, ba mai iya kuka. Sai dai wannan karon furoje ya zo da likitan dabbobi, wani dogon mutum daga wajen Dogarawa wanda ka gan shi ka san cikin garke ya tashi. Ya durƙusa gaban ragon Alhaji, ya ɗora kunne a cikinsa, ya girgiza shi. Har inda nake na ji ruwa ya amsa. Ya bi na biyu, ya bi na uku. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, “Ni raguna anka aiko ni in auna, ba rijiya ba. A ɗaure su nan. Ba ci, ba sha, sai bayan la'asar.”

Alhaji ya ce yana da motar siminti da zai sauke. Likita ya ce ya je ya sauke, ragon ma saukewa zai yi.

Ban taɓa ganin yini irin wannan ba. Manyan mutane zaune a inuwa, kowa ya zuba wa ragonsa ido, duk wanda nashi ya tale ƙafa sai ka ji ya ce “inna lillahi” a hankali. Kafin azahar filin ya zama fadama. Ni ma nawa ya zubar da kanwata da gishirina duka, ina kallo, zuciyata na tafasa. Sai can ina zaune lissafi ya faɗo mini. Su awonsu na watan jiya da ruwa anka yi shi. Nawa na watan jiya a bushe anka yi shi. Yau kowa a bushe yake. Na sake bin lissafin daga farko don kada in yi saurin murna. Na dubi Alhaji, na ga shi ya riga ni gamawa, don hularsa tana hannunsa yana murza ta.

Bayan la'asar anka fara ratayawa ana faɗin lamba. Ba sai na riƙe lambar kowa ba, fuskoki sun ishe ni. Duk wanda anka faɗi tashi sai ya ce sikelin nan a duba shi. Da anka zo kan nawa, allura ta wuce inda ta tsaya watan jiya, ta yi gaba abinta. Na juya in ga tela, na hangi bayansa ya kusa kai bakin titi.

Ran taro na sa shaddata ta Sallah. Na aika ɗan kabu-kabu ya ɗauko uwar matata, na biya. Na gaya wa matata ta bar wanki ta zo. Na zauna a layin gaba, daidai tsakiya, don na san abin da bangon nan zai nuna: ja daga sama har ƙasa, da gida ɗaya fari. Ba guɗa nake so ba. Ina son tsohuwar nan dai ta sake tambaya, wancan farin na wa ne. An ce kuma babbar 'yan furoje za ta zo daga Tawa, wata mata mai tabarau, na ce ya yi daidai, ita ma ta gani.

Anka rufe tagogi. Inji ya haska. Bango ya fito fari tas.

Na ɗauka bai gama zuwa ba, na jira. Na murza ido. Babu ja ko na ƙwayar gero. Da na ƙura ido sosai, tunda ina gaba, na ga 'yan layukan nan a kwance gaban lambobi, a jere har ƙasa, ƙanana kamar ƙafar sauro. Gaban tawa ce kawai babu. Amma wa zai ga ƙafar sauro daga benci na uku? Matar Tawa ma wayarta take dubawa.

Ƙanin matata ya ce, “Bon. Alhamdu lillahi, kamar yadda kuke gani, wanga wata babu ja.”

Zaure ya ɗauki tafi. Alhaji ya fi kowa, har ya tashi ya yi jawabin godiya ga furoje, ya ce kiwo sai da haƙuri da gaskiya. Matar Tawa ta ɗaga kai, ta ga bango fari, ta ce ta ji daɗi. Uwar matata ta matso kusa da ni ta ce, “Ka ga amfanin sassaƙen nan.”

Duk wannan da na haɗiye. Abin da ban iya haɗiyewa ba a bakin ƙofa ya same ni. Tsohuwar nan mai guɗa ta kama hannuna ta ce, “Ka gode wa Allah da ya ba ka ƙanin mata nagari. An ce shi ya goge maka jan don kada a kwance ragon.” Wani a gefe ya ce ai kowa ya sani, ɗan'uwa ya rufa wa ɗan'uwa asiri. Wani ya ce da ba don shi ba da yanzu rago na gidan tela. Har ana ce mini in je in yi mishi godiya.

Na ce zan je.

Na same shi a bayan zaure shi kaɗai, yana naɗe wayar injin haska bango. Da ya gan ni ya fara magana kafin in buɗe baki. Ya ce, “Yaya, ka fahimce ni. In Madam ta ga bango duka ja, rufe furoje za ta yi. Kowa ya rasa rago, har kai. Lambobin suna nan, ban taɓa ko ɗaya ba. Launin kawai na kashe, na yau kawai.”

Na bari ya gama naɗe wayarsa, ya sa a jaka, ya ɗago ya dube ni. Sannan na ce mishi:

“Kai ka zaunar da ni a buro ka ce doka ba ta kasuwa. Ka ce injinka bai san ɗan'uwa ba. Gaskiyarka, bai san ɗan'uwa ba, amma ya san Alhaji, ya san Madam. Mutum ɗaya yake iya wa, in sun yi yawa sai ya sunkuyar da kai, halinku ɗaya da shi. Ban ce ka kwance ragon kowa ba, ba ni da abin yi da ƙasusuwan Alhaji. Amma yanzu gari ya ɗauka kai ka cece ni, ana turo ni in yi maka godiya. To ga ni na zo, buɗe kunnenka. Ranar Juma'a in an sallame, za ka tsaya a ƙofar masallaci, ba bango, ba inji, da bakinka na nama, ka ce ragona ne kaɗai ya ƙaru a unguwar nan. In ba ka iya ba, ni zan tsaya in faɗa, kuma ni in na fara ba lamba nake kira ba, sunaye nake kira, da na uba.”